Sa wa wuƙar dutse ƙotar ƙaho: yadda aikin yake, da abin da zai yiwu a Maraɗi

Maƙeri in zai sa wa gatari ko hauya ƙota, wuta da bugu ne abokan aikinsa. Zai zuga wutsiyar ƙarfen har ta yi ja wur, ya kafa ta a jikin icen, hayaƙi ya turnuƙe, ta ci hanyarta da kanta. In ta huce sai ya doka ƙotar a ƙasa sau biyu ko uku, shi ke nan ta zauna daram. Duk wanda ya tashi a Maraɗi ya ga haka, in ba a maƙerar unguwa ba, to a kasuwannin ƙauye ranar da suke ci. Wanda ke son sa wa wuƙar dutse ƙota kuwa, aikinsa na farko shi ne ya ajiye wannan ilimin a gefe. Dutse ba ya shiri da wuta, ba ya shiri da bugu. Ka tura shi garwashi ya tsattsage, ka doke shi ya rabu biyu.

Sana'ar yin wuƙar dutse ba ta mutu ba. A Turai da Amurka akwai masu ƙwanƙwasa dutse don sha'awa, suna fitar da ruwan wuƙa ko kan kibiya, kuma ƙotar da suka fi so ita ce ƙahon barewar ƙasashensu, wannan mai rassa. A kudancin Habasha kuwa ba sha'awa ba ce, hanyar abinci ce: majema a cikin al'ummun Gamo da Konso har zamaninmu suna kankare fata da ɗan dutse da suka kafa a ƙotar ice.

Ba kowane dutse ake wannan aiki da shi ba. Sai mai laushin ƙwaya, wanda in an fasa shi yake ɓarewa sumul da baki mai kaifi: dutsen ƙanƙara irin wanda kakanni ke ƙyasta wuta da shi, da danginsa, da kuma baƙin dutsen nan mai ƙyalli da aman wuta ke bari, wanda yake da yawa a Habasha da Kenya. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, ƙanƙara tana kan 7, ta fi ƙarfen wuƙar gida tauri. Shi ya sa in aka goga ta da ƙyastu take kankaro ƙarfen har tartsatsi ya tashi. Sai dai tauri daban, juriya daban. Ƙarfe in an matsa masa yakan lanƙwashe, a miƙar da shi a ci gaba da aiki. Dutse bai san lanƙwasa ba. Danna shi a tsaye, zai jure. Murɗa shi ko ka banƙara shi ta gefe, sai ka ji ƙas. Kuma kusan kullum wuri ɗaya yake karyewa, a wuya, daidai inda ruwan wuƙar ya fito daga bakin ƙota. Duk dabarun da za mu bi a nan, daga zaɓen ƙaho har zuwa ɗauri, don kare wannan ɗan wuri ne da bai fi faɗin yatsa ba.

Ɗan Adam ya daɗe yana yanka da dutse kafin tunanin ƙota ya zo masa. Duwatsun da aka tono a Gona ta ƙasar Habasha sun kai shekara miliyan 2.6, kuma a tafin hannu ake riƙe su. Ƙota ta zo ne can baya. A Italiya an sami ɓarin dutse da ke liƙe da baƙin danƙon da aka dafa daga ɓawon itace, mai kimanin shekara 200,000. Mu ma a nan ba baƙin zancen ba ne. Akwai wata al'adar sassaƙar dutse da ta mamaye Arewacin Afirka da Sahara, wadda masana suka laƙaba wa sunan Bir el Ater, wani wuri a gabashin Aljeriya. A Maroko ta haura shekara 100,000. Alamarta ita ce ƴar wutsiya da ake fitarwa a gindin dutsen, ta yadda zai shiga cikin ice ko ƙashi a ɗaure. An sami irin waɗannan duwatsu a ƙasarmu, a Adrar Bus da ke gefen duwatsun Ayar da kuma Segedin a Kawar. A Gobero, cikin Tenere, inda a shekarar 2000 Ba'amurke Paul Sereno ya je neman ƙasusuwan dabbobin zamanin da can, sai ya ci karo da makabarta, an sami ƙananan duwatsu masu kaifi da mashin ƙashi na kamun kifi, tun zamanin da wurin yake bakin tafki.

Matsalar ita ce dutse yana zama, ƙota tana ruɓewa. Shi ya sa wuƙar da ta iso gare mu da ƙotarta ba ta da yawa. Ɗaya ita ce ta mutumin nan da ƙanƙarar tsaunin Alps ta adana, aka tsinci gawarsa a 1991 a kan iyakar Italiya da Ostiriya, mai kimanin shekara 5,300. Wuƙarsa ƴar ƙarama ce, duka da ƙotar wajen santimita 13, ruwan na dutsen ƙanƙara, ƙotar ta ice, an ɗaure da jijiya. Wata kuma ita ce wuƙar Jabal al-Arak ta Masar, mai ƙotar hauren giwa da aka yi wa zane, wadda take gidan tarihi na Louvre a Faransa. Ka ga ko a can ƙahon barewa ba wajibi ba ne.

To me ya sa ake yabonsa haka?

Abin da ke kan barewar ƙasashen sanyi ƙashi ne zalla. Yana tsirowa daga ƙoƙon kai kowace shekara, ya yi rassa, in lokacin barbara ya wuce ya faɗi da kansa, wani ya sake fitowa. Mutum na iya tsintarsa a daji ba tare da ya kashe dabba ba. In ka yanka shi da zarto za ka ga bango mai tauri a waje, ciki kuma totuwa mai ƙananan ramuka soso-soso. Wannan gini shi ne amfaninsa. Bangon ya fi ƙashin jiki jure bugu, ba ya saurin tsagewa. Totuwar kuma tana da sauƙin haƙa, kuma danƙo yana shiga ramukanta ya kama. Mutanen da suka zauna bakin tafkunan Suwizalan a ƙarshen zamanin dutse sun gane haka sarai: sau da yawa ba sa kafa gatarin dutse kai tsaye a ƙotar ice, sai sun sa guntun wannan ƙaho a tsakani don ya shanye bugun.

Kafin a taɓa ƙaho, dutsen ake fara gyarawa, kuma nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Wutsiyar da za ta shige ciki kada ta gaza kashi ɗaya cikin uku na tsawon dutsen gaba ɗaya. In ruwan wuƙa santimita 8 ne a waje, a bar aƙalla 4 a ciki. Kada a sirance wutsiyar don ta shiga ƙaramin rami, gara a nemi ƙaho mai kauri. Inda kafaɗar ruwan ta haɗu da wutsiya a bar shi da ɗan lanƙwasa, kada a yi kusurwa mai kaifi, don tsaga daga kusurwa take farawa. Sannan a ɗauki dutsen wasa a dakushe gefen wutsiyar duka, har ka iya jan yatsa a kai ba ta yanke ka ba. Wannan dakushewar tana da amfani biyu: ba za ta yanke jijiyar da za a ɗaura ba, kuma gefen da aka goge ba ya saurin ɓarewa in ya ji matsi.

Daga nan sai yadda za ta shiga. Wasu sukan jiƙa ƙahon a ruwa kwanaki, ko su tafasa bakinsa, har totuwar ta yi laushin da farce zai nutse. Sai su naɗe ruwan wuƙar da fata mai kauri, su tura wutsiyar ciki da ƙarfin hannu, in ƙahon ya bushe totuwar ta ƙanƙame ta. Ga wuƙar ƙarfe wannan hanya ba ta da laifi. Ga dutse kuwa ni ban yarda da ita ba, sai fa in wutsiyar gajera ce mai kauri. Ba wanda ke tura abu cikin matsattsen wuri ba tare da ya ɗan jijjiga shi hagu da dama ba, kuma jijjigar nan ce dutse ba ya ɗauka. Wasu kuma sukan tsaga bakin ƙahon da zarto su zura dutsen a tsagar. Tana da sauri, tana kuma dacewa da ruwa mai faɗi, amma ƙotar da aka tsaga ta riga ta sami hanyar rabewa, don haka rayuwarta duka tana hannun ɗauri.

Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce a haƙa rami. A bi totuwar da ƙusa mai kaifi ko injin huda, a riƙa faɗaɗawa ana gwada wutsiyar, har ta shige ba tare da an tilasta mata ba. A nan akwai abin da ke ba mutane mamaki: ba a son ta matse. Ana son ɗan sarari kewaye da ita, kamar kaurin farce ko ya ɗan fi, wanda danƙo zai cike. Dutsen da aka ƙwanƙwasa ba sumul yake ba, yana da tudu da kwari. In ya taɓa bangon ƙaho kai tsaye, a kan tudu biyu ko uku kawai zai taɓa, kuma duk ƙarfin da aka sa wa wuƙar a nan zai taru. Dutse a cikin ƙota ya kamata ya zauna kamar haƙori a dasashi, a riƙe gam, amma abin da ke riƙe da shi mai ɗan taushi ne. A goge bakin ramin kuma ya zama ba shi da kaifi, don kada ya zama wurin da dutsen zai dogara ya karye. Mai yanka ƙaho ko ƙashi da zarto ya rufe hanci, ƙurar ba ta da kyau ga huhu, warin kuma ba sai an faɗa ba.

Sai danƙo, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin, kuma nan ne ɗan Maraɗi zai fi saurin ruɗewa. Turawa suna amfani da ƙaron wani itace na ƙasashensu mai ganye tsinke-tsinke, su narka shi, su zuba garin gawayi da kakin zuma. Kai kuma ka ji an ce ƙaro, sai hankalinka ya tafi ga na ɗakwara da ke cike da kasuwa. Ba iri ɗaya ba ne. Ƙaro kashi biyu ne. Akwai mai narkewa a ruwa, shi ne na ɗakwara da danginta, wanda ake sa wa tawadar allo. In ka kai shi wuta ba ya narkewa, kumbura yake ya ƙone. Akwai kuma mai narkewa a wuta, wanda ruwa ba ya cinsa, irin ƙaron maje da ake samu wurin masu sayar da turaren wuta da magungunan gargajiya. Na hano da na dashi suna tsakani, suna da rabon wannan da rabon wancan. Gwajin ba wuya: jefa ɗan guntu a ruwan ɗumi, ka kai wani guntun kusa da garwashi, ka ga wanne ya saki jiki.

In mai narkewa a wuta ka samu, ga yadda ake yi. A dake shi, a zuba a gwangwani, a ɗora a gefen garwashi, ba a kan harshen wuta ba, don yana kamawa da wuta kuma in ya ɗiga a fata yana liƙewa ya ci gaba da ƙuna. Kada a bari ya tafasa. In ya tafasa mansa ya gudu, abin da ya rage ƙamas ne. In ya narke a tsame ɓawo da ƙasa, a barbaɗa gawayin da aka niƙa ya yi laushi lilis, a jefa ɗan kaki, a juya da tsinke. Ƙaron ne mafi yawa, sauran biyun ƴan kaɗan. Ba wani awo da zai yi daidai ko'ina, don kowane ɗauri na ƙaro da halinsa. Sai dai a ɗiga kaɗan a kan dutse mai sanyi, a jira ya huce, a danna da farce. In ya farfashe, a ƙara kaki. In ya bi farcen yana yauƙi, a ƙara gawayi. Wanda ake so shi ne wanda farce zai bar ɗan shaida a kai ba tare da ya tsage ba. Kuma a tuna inda muke. Haɗin da ya yi daidai a ƙasar sanyi, a Afrilu da Mayu na Maraɗi, da zafi ke haura maki 40, zai saki. A rage kaki. Kuma kada a bar wuƙar a rana ko cikin mota a rufe.

Lokacin haɗawa a ɗumama wutsiyar da bakin ƙotar nesa da wuta, ɗumin da hannu zai iya riƙewa, don danƙo mai zafi in ya haɗu da dutse mai sanyi nan take yake daskarewa bai kama ba. A cika ramin, a shafa wa wutsiyar, a zura ta a miƙe ba murɗawa. Rarar za ta bulbulo ta baki. Kafin ta huce sai ka ɗaga wuƙar daidai ido, ka duba ta daga gindin ƙota zuwa tsini, ka tabbata ruwan bai karkata ba. Ba ka da lokaci mai yawa. Sannan ka jiƙa babban yatsa ka shafe rarar nan ta zama ɗan wuya mai gangare tsakanin ƙaho da dutse. Kada a kankare ta don neman kyau, ita ce matashin wurin da muka ce yana karyewa.

Wanda ƙaron ɗakwara kaɗai ya samu, shi ma bai rasa ba. A kogon Sibudu na Afirka ta Kudu an sami duwatsu masu kimanin shekara 70,000 da ragowar ƙaron itace gauraye da jar ƙasa. Masaniyar da ta jagoranci tonon, Lyn Wadley, ta gwada haɗin da hannunta da ƙaron wani itace ɗan uwan ɗakwara. Ƙaron shi kaɗai in ya bushe tsagewa yake, amma in an cuɗa shi da garin jar ƙasa aka busar a hankali kusa da wuta, yana riƙewa sosai kuma ba ya saurin jan laima. To ko da haka, wannan haɗi ne na rani. A watan Agusta, in iska ta cika da danshi, ko in jini da ruwa suka jiƙa wuyan wuƙar wurin fiɗa, zai yi laushi. Wanda ya bi wannan hanya ya shafe samansa da kaki.

Danƙo yana hana motsi, amma ba shi ke hana bakin ƙota buɗewa ba. Wannan aikin ɗauri ne. Mafi kyau ita ce jijiya, ko ta gadon baya mai tsawo, ko agara. Je wurin mahauci da sassafe kafin ya gama rarraba nama, ka ce masa: “Baba, farar jijiyar gadon bayan nan nake so, a zare mini ita da tsawonta, kada a datsa.” Ka kankare nama da kitse, ka shanya a inuwa har ta bushe ta yi ƙarau. Agara sai an daddaka ta da ice kafin ta saki zare, ta gadon baya kuwa murza ta kawai za ka yi ta rarrabu. A jiƙa zaren a ruwan ɗumi, a naɗa a bakin ƙota layi kusa da layi ana ja, a shafe ƙarshen da yatsa. Ba a ƙulli. Jijiya tana da nata yauƙin da ke liƙe ta, kuma tana bushewa tana tsukewa. Maharban da ke ɗaure kan kibiya a kyauro sun san wannan tun da daɗewa. Ɗanyar fata da aka yanka siririya ita ma tana yin aikin, kuma a garin jar akuya ba za a ce an rasa fata mai kyau ba. Amma ɗanya, ba jemammiya ba. Fatar da ta bi ta hannun majema da bagaruwa ta daina tsukewa, ado kawai za ta yi. Jijiya da ɗanyar fata duk ruwa yana kwance su, ɓera da kare kuma suna son su, don haka a shafe ɗaurin da ɗan danƙo in ya bushe.

Yanzu ga babbar tambaya: ina ɗan Maraɗi zai sami wannan ƙaho? Amsa a taƙaice, ba a dajinmu ba. A duk Afirka, barewa mai irin wannan ƙahon ta asali ɗaya ce, a dazuzzukan tsaunin Atlas, wajen iyakar Aljeriya da Tunisiya. Barewarmu, da gada, da rago, da shanun Bororo masu dogayen ƙahoni da ke sauka kasuwannin Dakoro, duk ƙahonsu wani gini ne daban: kwanso ne na abin da farce da kofato suke, a sanye kan ƙashi, kuma ba ya faɗuwa. Barewar daji ma a bar ta inda take. Ta ragu ƙwarai, shi ya sa ake tsaronta a wurare irin gandun dajin Gadabeji, kuma dokar farauta ta 1998 ba ta bar kowa ya harbi abin da ya ga dama ba.

Ƙahon shanu yana yin ƙota, amma da nasa sharuɗɗa. Sai an tafasa an zare ƙashin ciki. Abin da ya rage, gindinsa rami ne mai faɗi da santsi, tsininsa ne kaɗai a cike. Can wajen tsinin ake yankowa, inda ramin ya tsuke. Tun da ba totuwa, danƙo ba shi da abin kamawa, sai an karce cikin da magagari ko ƙusa ya yi kaushi, in ramin ya yi yawa a cusa guntun ice a haƙa wurin wutsiyar a jikin icen. Yana da wani hali mai amfani: in ya ji zafi yana laushi, ana iya matse bakinsa ya zama shafaffe daidai da dutsen, amma a yi wannan matsin da guntun ice a ciki, ba da dutsen ba. Aibinsa shi ne hawa-hawa yake, in hunturu ya busa yakan ɓare, kuma ƙwari suna cinsa. Ɗan man gyaɗa lokaci-lokaci yana taimakawa.

In za a bi tawa, ƙashin ƙwaurin rago ko na ɗan maraƙi ya fi ƙahon shanu kusa da abin da ake nema. Shi ma ƙashi ne, a miƙe yake, ramin ɓargo kuma ya riga ya haƙu. Bayan layya ba sai an saya ba. Sai dai a dafa shi a hankali, a wanke maiƙon sarai, don danƙo ba ya kama wuri mai maiƙo. Ya fi ƙahon barewar ƙasashen sanyi saurin tsagewa, saboda haka ɗaurinsa ya zama mai faɗi. Wanda bai damu da ƙaho ba kuwa, guntun marke ko aduwa ya ishe shi.

Shi kansa dutsen ma abin nema ne. Ƙasarmu yashi ce da marmara, tsakuwar gulbi kuma ƙanana ce, ba ta cika ba da ruwan wuƙa mai tsawo ba. Mai koyo ya fara da gindin kwalba mai kauri, yana ɓarewa kamar yadda baƙin dutsen aman wuta ke yi. Mutanen asali na Ostireliya sun yi kan mashi da kwalba bayan zuwan Turawa, ba sabon abu ba ne. A sa fata a cinya, a kare ido, a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, a kuma share ɓarin kafin yara su zo da ƙafa ba takalmi. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗauko kan kibiya na da da aka kwaso daga Tenere, ko gatarin aradu da manomi ya tsinta a gona, a liƙa masa ƙota don ado ko don a sayar. Kayan tarihi ne, dokar 1997 ta kare su, kuma da zarar an ɗauke dutse daga inda ya kwanta an shafe shi da danƙon yau, labarin da masana za su karanta a jikinsa ya tafi. Wanda ke son ganin irinsu ya leƙa gidan tarihi na Bubu Hama in ya je Yamai.

In wuƙa ta haɗu, a san abin da aka yi ta dominsa. Tana fiɗa, tana yanka nama da fata da igiya, da ja ake yanka da ita, ba da sara ba. Ba a kai ta ƙashi, ba a ɓamɓare murfi da ita, ba a murɗa ta a gaɓa. Masu tambayar ko yanka da dutse ya halatta, akwai hadisi ingantacce na baiwar Ka'abu ɗan Maliku da ta ga tunkiya za ta mutu, ta fasa dutse ta yanka ta, aka tambayi Manzon Allah (SAW) ya ba da izinin ci.

Kaifin dutse ba a wasa shi a dutsen wasa. In ya dakushe, ana dafa gefen da tsinin ƙaho ko ƙusar tagulla a ɓalle ƙananan ɓari, sabon baki ya fito. Mutumin tsaunin Alps ɗin nan yana ɗauke da irin wannan abin gyara, ɗan ice da aka cusa wa tsinin ƙaho. Kowane gyara yana rage ruwan, har wata rana ya zama guntu. A nan danƙon gargajiya ke nuna fifikonsa a kan gam na zamani mai haɗi biyu da ake sayarwa a shagunan kayan gini. Gam ɗin ya fi ƙarfi, ba ya jin ruwa, ba ya jin zafin bazara, kuma wanda zai rataye wuƙarsa a bango ba laifi ya yi amfani da shi, muddin in zai sayar ya faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Amma ƙota ta fi ruwan wuƙa cin lokaci. Gwani yana fitar da ruwa a zama ɗaya, ƙota kuwa da jiƙo da haƙa da jiran jijiya ta bushe sai ta ci kwanaki. Mai danƙon ƙaro, ranar da ruwansa ya ƙare ko ya karye, zai jiƙa ɗaurin ya kwance, ya ɗumama bakin ƙotar, ya zare guntun ya sa sabo. Mai gam kuwa sai dai ya zauna da ƙusa yana haƙo guntun kaɗan-kaɗan, kuma sau da yawa bakin ƙotar yakan tafi tare da shi.